Kawu Mai Igiya Da Karkatacciyar Rumfa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, ina wurin aiki 'yarka Auta ta kira ni ta ce, "Yaya, Baba ya cika." Ka rasu a ɗakinka, Kawu, bayan ciwon ƙirjin da ya daɗe yana cinka, aka sallace ka bayan azahar aka kai ka makwancinka. Na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi irin halinka. Na gwada, abin ya ƙi. Abin da na gani a zaman makokinka ya tsaya mini a maƙogwaro, kuma ka san ɗan ƙanwarka, ban iya haɗiye abu in yi murmushi ba.

Ga wanda bai san ka ba, kai ne mai horar da 'yan wasa a ƙungiyarmu ta harbin allo, inda mutum ke kwanciya rub da ciki ya auna allon takarda da ke can nesa, wanda ido ba ya gani sai kamar ɗigo. Mai Igiya kowa ke kiranka a filin, saboda igiyar nan ta magina mai dalma a baki wadda ba ta barin aljihunka. Ba wanda ke taɓa kunamar bindiga sai ka rataye ta a gabansa, ta gama lilo ta tsaya cak, ya daidaita layin tsaye na cikin madubin bindigarsa da ita. Kullum maganarka ɗaya ce: "Idonka yana sonka, zai yi maka ƙarya. Igiyar nan ba ta san ka ba."

Na tuna farkon zuwana filin. Harsasaina duk suka taru a dama da baƙin tsakiya, suka kuma yi ƙasa. Na tashi ina kaɗe riga ina cewa iska ce. Ka yi dariya har ka riƙe ciki, ka ce wace irin iska ce wannan mai tsallake harsashin maƙwabcina ta zo ta kama nawa. Sannan ka zaunar da ni ka yi mini bayani. Harsashi yana tafiya yana faɗuwa, don haka in allo na da nisa, bakin bindiga sama yake ɗan kallo, ko da madubi na kallon allon kai tsaye. In ka karkatar da bindigar dama, wannan ɗagawar ba za ta tafi sama duka ba, wani sashenta zai koma dama, sai harsashi ya sauka dama kuma ƙasa. A kusa ba ka lura. A nesa kuwa, karkacen da kafaɗarka ma ba ta ji ba ya isa ya fitar da kai daga baƙin. Ka dafa kaina ka ce, "Kai dama tun kana goye kanka a karkace yake, uwarka ce shaida."

Haka kake da kowa. Kai ka ɗinka wa wani bahago matashin kafaɗa da hannunka, don duk na kasuwa na masu dama ne. Akwai tsohon direban nan da hannunsa ya fara rawa, kowa na cewa ya haƙura, kai kuwa ka kwanta kusa da shi a ƙasa kana koya masa jan numfashi har ya sake samun baƙin tsakiya, ya tashi yana share hawaye da hularsa. Ba ka taɓa yi wa mai koyo tsawa a gaban mutane ba. In za ka gyara mutum, sai ka durƙusa ka yi masa raɗa.

To, wannan mutumin ne suka shafa wa kashin kaji.

Bari in faɗi yadda aka yi, tunda su ba za su faɗa ba. Gab da babbar gasar da muka karɓi baƙuncinta, shugaban ƙungiya ya sa aka gina sabuwar rumfar harbi, ya ba surukinsa aikin. An shafe ta da fenti, ta yi kyau a ido. Ka zo ka rataya igiyarka, sai ga ginshiƙan sun kwanta dama, dandamalin da ake kwanciya a kai ma ya zube dama. Ka je ka gaya wa shugaba a keɓe, yadda ka saba. Ya ce baƙi na zuwa, kada ka kunyata mu da tarkacen magina, ya hana a rataya igiya ranar gasa.

Baƙin kowanne da ɗan ma'aunin ruwa mai nuna karkace a maƙale a bindigarsa, ba ruwansu da ginshiƙi. Namu zakaran, wanda ake kira Gwani, ka sha ba shi irin wannan ma'aunin yana mayar maka, wai idonsa ya ishe shi. Ya kwanta, idon nasa ya bi ginshiƙin da ke gabansa ya daidaita bindiga da shi. Harsasansa suka taru wuri ɗaya gwanin kyau, dama da baƙin kuma ƙasa. Kofi ya bi baƙi. Kafin a gama tafi, borin kunya ya sa Gwani ya fara ihu wai an murɗa masa madubi, kuma wa ke riƙe da makullin ɗakin bindigogi in ba kai ba?

Abin da ke tayar mini da zuciya, Kawu, shi ne babu jahili ko ɗaya a kwamitin da ya zauna a kanka. Dukkansu maharba ne, yawancinsu kai ka koya musu kwanciya. Sun ga allon Gwani, kuma wanda ya yi mako ɗaya a hannunka ya san abin da ramuka a dama da ƙasa ke nufi. Amma faɗin gaskiya na nufin a ce rumfar shugaba a karkace take, kuma Gwani ya yi kuskuren 'yan koyo. Sai suka ga kai ne mai arha. Na tashi zan yi magana suka ce ni jininka ne, ba ni da bakin shaida. Suka karɓi makullin daga hannunka a gaban Auta, suka rubuta maka zagon ƙasa. Tir da wannan zama.

Daga ranar Auta ta daina zuwa filin, ita da take cikin gwanayen mata, don ta gaji da jin ana nuna ta da baki. Kai kuma ka koma gida ka zauna. Nakan zo ina zage-zage ka ce, "Bar su, ɗana, zauna ka sha shayi." Amma na sha tarar da kai a tsakar gida igiyar na hannunka kana naɗewa kana warwarewa. Ba kofi ya dame ka ba, ba makulli ba. Sunanka ne, wanda za ka bar wa 'ya'yanka.

Sai ga su ranar makoki, an sha guga an sha turare, sun kame sahun gaba. Shugaba na rawar murya yana cewa sun yi rashin uba. Gwani kuwa kukansa har ya fi na 'ya'yanka ƙara. Wallahi sai da na fita waje na tofar da yawu. Inna, matarka, ta yi abin da ban yi zato ba. Ta matso bakin labule ta ce, "Shugaba, abu ɗaya nake roƙonka. Ga jama'a, ga 'ya'yansa. Ka faɗa da bakinka cewa bai taɓa madubin nan ba." Ya gyara hula ya ce, "Haba Hajiya, ai wannan ya wuce, ba a tone-tone a kan mamaci. Mun ma yanke shawara za mu sa wa rumfar sunansa." Ka ji fa, Kawu. Rumfar da suka kore ka don ka ce a karkace take.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi bikin sa sunan. Na je ne kawai don Inna ta ce kada a ce mun ƙi. Sun kafa hotonka a jikin ginshiƙin tsakiya, suka daidaita shi tsaf da ginshiƙin, aka yi ta jawabai. Ana cikin haka Auta ta ratso taron, karo na farko tun ranar makulli. Ba ta gaida kowa ba. Ta jawo kujera ta hau, ta ciro igiyarka daga jakarta ta rataya a ƙusar hoton, ta jira dalmar ta gama lilo, sannan ta juya hoton har gefensa ya yi daidai da igiyar.

Shugaba ya ce, "Yarinya, kin karkatar da hoton mahaifinki."

Ta ce, "A'a Baba, hoton daidai yake. Ku dubi igiya."

Kowa ya duba. Ga ka nan tsaye a miƙe, ga ginshiƙi da rufi da rumfar gaba ɗaya sun kwanta dama a bayanka. Sai tsohon direban nan ya ce da ƙarfi, "La'ilaha illallahu, ashe rumfar ce!" Gwani ya kafa wa takalmansa ido. Har yau ba wanda ya nemi gafararka a cikinsu, ban kuma sa rai ba. Amma ba wanda ya yi ƙarfin halin taɓa hoton, kuma duk baƙon da ya shigo ya miƙa hannu zai gyara shi, sai ya ga igiyar ya janye hannun, ya fara tambaya.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa haƙurin da ka yi ya zame maka nauyi a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da Auta da yayyenta, da mahaifiyata da ta rasa yayanta, da duk wanda ka taɓa durƙusawa kusa da shi ka gyara masa riƙo. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Su kuma mun bar su da ranar da za a tsayar da ma'aunin da ba surukin kowa ne ya gina shi ba. Amin.