Ranar da Tsauni Ya Ƙwace Mini Numfashi

Ko na manta komai na samartakata, ba zan manta da gasar karatun Alƙur'ani da na je a wani gari na kan tsaunukan Habasha ba.

A Gwandu an san ni da dogon numfashi. Ayar da wasu ke yankawa uku, ni a numfashi ɗaya nake kai ta, kuma Allah Ya yafe mini, ina jin daɗin kabbarar mutane. Malamina na Kalgo kaɗai abin bai burge ba. Shekara biyu yana tilasta mini haddace wuraren waƙafi, wato inda mai karatu zai tsaya ba tare da ya ɓata ma'ana ba.

"Wanga numfashi da kaka taƙama da shi aro na," in ji shi. Ni kuwa a raina na ce rigimar tsufa ce.

Ranar da muka sauka, matakala goma na hau na zauna ina haki, kaina kamar ana daka. Wajen gwaji, a tsakiyar aya muryata ta mutu. Likitar masaukinmu ta ce iskar can sama ba ta ƙosar da baƙo, su kuwa mutanen wurin sun gaji jikin da ya saba da ita tun kakanni. Ta ce ko mazauna tsaunukan duniya ba hanyarsu ɗaya ba: wasu jininsu ne ya fi kauri, wasu numfashinsu ya fi yawa. Nawa jikin sai ya yi makonni kafin ya saba. Ga shi kwana uku ya rage a fara gasar. Na yi kuka, don unguwarmu guda ta raka ni tasha.

Na kira Malam a waya. Dariya ya yi.

"To mi ya rage, ɗana? Tsaya inda na koya maka."

Ranar gasa aka ja mini wuri mai dogayen ayoyi. Na riƙa tsayawa, in shaƙi iska, in ɗora. Ƙirjina na zafi, amma alƙalai ba su kaɗa mini ƙararrawar kuskure ba ko sau ɗaya. Da aka ce ni ne na ɗaya, shugaban alƙalai ya ce tsaftar waƙafina ce ta raba gardama.

Kalgo na fara sauka kafin gida. Na ajiye kambun da na ciyo a gaban Malam, na kasa ɗaga kai. Tun ranar na gane baiwa tana iya barin mutum a hanya, amma abin da ya durƙusa ya koya yana binsa har kan tsauni.