Hannun da Malam Ya Ɗaure

Malamin wasanni na makarantarmu ta kwana a Birnin Kudu shi ya raba ni da wasan kurket, da igiyar ɗaurin akuya ya yi min, kuma har yau ban yafe ba.

Ni bahago ne. Baturen da ya fara koya mana wasan, tun kafin ya tattara ya koma ƙasarsu, ya nuna min yadda ake murɗa ƙwallo da wuyan hannu. In na sake ta da hagu, sai ta faɗi ƙasa ta karkace, mai duka ya kai mata katako can, ita kuwa ta bi nan ta zubar da sandunan da ke bayansa. Duk makarantar ba mai irin wannan jifa.

Da Malam ya karɓi filin, ranar farko na miƙa masa ƙwallo, ya ƙi karɓa.

"Da hannun tsarki kake ba ni abu? A gidanku haka aka koya maka?"

Na ce, "Malam, da shi nake jifa."

"To daga yau ka daina."

Mako biyu yana ɗaure min hagu a baya, wai in koyi jifa kamar ɗan mutane. Da dama kuwa ƙwallona a miƙe take tafiya, ko ɗan aji ɗaya sai ya kai ta cikin gonar gyaɗa. Da aka zo zaɓen masu zuwa wasa Kano, ya ce ban iya ba. Na tsaya bakin ƙofa ina kallon lori ta tafi da waɗanda nake fitarwa daga wasa da jifa uku. Hutu na zuwa na koma ƙauyenmu Kwandiko na ɗauki fartanya, ban sake komawa aji ba.

Bayan shekaru, lokacin da arzikin man fetur ya sa kowa ya yi mota, na gamu da Malam a kasuwar Gwaram. Ya zama Alhaji, ya yi tumbi. Ya gane ni, ya miƙo hannu yana dariya.

"A'a, bahagona! Ana nan?"

Na miƙa masa hagu. Ya janye nasa, mutane suka juyo.

Na ce, "Karɓa mana, Alhaji. Allah ne ya ba ni shi, kai ka ɗaure shi. Kurket ɗin ma ba ka iya ba, igiya kaɗai ka iya."