Tambayoyi Goma da Ban Yi wa Yaya Cima Ba

Ranar Laraba ce, a ƙarshen watan Afrilu, shekarar da nake katiriyam, wato aji uku a kolej. Laraba ba ma komawa lakwal, wato makaranta, da yamma, don haka tun azahar na iso gida, ƙafafuna fari fat da rairayi, maƙogwarona a bushe, raina kuma a ɓace. Na tarar da yayata Cima zaune a inuwar rumbu, ta miƙe ƙafa, kwandon gyaɗar iri a gabanta tana ɓara, don Baba ya ce kada ruwan farko ya same mu da iri cikin ɓawo. Ko sallamar kirki ban yi ba, na zaro kaye, littafin rubutuna, daga jaka na jefa mata a cinya, na ce ta karanta min tambayoyin nan goma, ni kuma in ba ta amsa. Ba ta taɓa shi nan take ba. Sai da ta karkaɗe zaninta, ta goge hannu biyu, sannan ta ɗauka. Ta daɗe tana kallon shafin har na fara buga ƙafa. Da ta buɗe baki ta tambaye ni sunana da Ingilishi, sai na ji abin ya fito mata sumul, ya fi nawa daɗi nesa ba kusa ba. Shekara huɗu ke nan rabonta da aji. Haushi ya kama ni, na ce ta yi sauri, ba waƙa na ce ta rera ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kwaya, tafiyar awa ɗaya da ƙafa zuwa kolej in mutum bai tsaya tsinkar magarya a hanya ba. Cima ta girme ni da shekara uku, kuma ita ta fara taka wannan hanya a gidanmu. Tun muna ƙanana ita ce mai kai. In yaran unguwa sun taru wasan carafke ko 'yar gala-gala, ba a daɗe sai ta juya wasan ya koma lakwal: ta samo gawayi ta mai da bangon rumbu tablo, ta jera mu a ƙasa, ita ce madam, da tsumagiyar geza a hannu wadda ba ta taɓa dukan kowa da ita ba sai ni, don ni ce mai gardama. Tana sinkiyam, aji biyu na kolej, ta ɗaya a ajinsu, ciwo ya kayar da Inna a bakin murhu. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana sai wanda ya saba ke ganewa. Ba wanda ya ce Cima ta bar karatu, gaskiya ke nan. Baba cewa ya yi ta zauna wata uku kawai kafin Inna ta miƙe. Inna ba ta miƙe ba, wata ukun kuma ba wanda ya sake ƙirga shi.

Daga nan gidan ya koma kanta. Ita ce rijiya tun sassafe, ita ce surfe da daka, ita ke juya Inna ta wanke ta ta shafe ta da mai, ta zaunar da ita a bakin ƙofa ta sha iska. Ita ke soya gyaɗa ta kai niƙa, ta matse mai har hannunta ya yi kanta, ta murza ƙuli-ƙulin da Baba ke ɗorawa a sharet, amalanken jakinsa, zuwa kasuwar Guci. Ni kuwa aikina ban ruwan awaki da share tsakar gida, shi ma rabi nake yi in gudu. In wata maƙwabciya ta ce an sangarta ni, Cima ce ke tare min. "Ku bar ta, tana karatu," haka take cewa kullum. Ni kuma na ɗauki maganar kamar wata takarda da gwamnati ta ba ni.

Malaminmu na Ingilishi, Mushe Ilu, mutum ne siriri mai saurin tafiya, wanda ya yi wasu shekaru a tsallaken iyaka. Ba ya son ya ga kai a sunkuye. "Ingilishi a baki yake, ba a kaye ba," in ji shi. A wannan wata ya rubuta mana tambayoyi goma a tablo, ban da ta farko mai neman suna, duk a kan aiki da karatu da abin da mutum ke son zama. Me babanki yake yi. Wane darasi kika fi so. Ina za ki bayan kolej. Wane aiki kike so, don me, a wane gari. Ya ce bayan mako uku zai fito da mu bibbiyu gaban aji: ɗaya ya yi tambaya ɗaya ya amsa, in an kai ta goma a juya, mai amsa ya koma mai tambaya, shi kuma ya ba da not, wato maki. Wadda aka haɗa ni da ita, Fati, 'yar cikin gari ce, ni ko ni kaɗai ce mace daga ƙauyenmu. Abin da ya ɓata min rai ke nan a waccan Larabar, kuma shi ya sa na jefa wa Cima kaye.

Kwana uku ta yi ta haddace tambayoyin kaf. Daga nan ba ta ƙara neman kaye ba. Tana tsaye kan turmi sai ta jefo min ta huɗu tsakanin saukar taɓarya da ɗagawa. Muna jan guga ta jefo ta bakwai. Ranar Lahadi da muka je taya Baba sharar gona, muna tara kara ana cinna wuta, hayaƙi na shiga mana ido, ita tana can gefe tana tambayata a wane gari nake son yin aiki. Baba ya dogara da mayaya yana dariya, ya ce shi dai gonarsa ta zama bakin iyaka, saura a tambaye shi takardu. A gida kuma Inna na bakin ƙofa tana binmu da ido, gefen bakinta mai lafiya yana motsi. Ba ta jin ko kalma ɗaya, amma in na yi tuntuɓe Cima ta gyara min, sai ta gyaɗa kai kamar ita ma ta ga kuskuren.

Amsata kuwa kullum sabuwa ce. Ranar farko 'yar duwan zan zama, wato kwastan, don na taɓa ganin wata a Magariya da kaki da baƙin gilashi, manyan 'yan kasuwa na sauka daga mota suna gaishe ta. Washegari na koma sajifam mai karɓar haihuwa, har Cima ta tuna min ranar da akuyarmu ta haihu na ruga bayan gida ina amai. Na koma matuƙiyar jirgin sama, ta ce in fara iya tuƙa jakin Baba tukuna. Sunan da ta sa min shi ne Uwar Gaggawa. Ta ce in tsaya kan abu ɗaya, don tambaya ta tara, wadda ake cewa don me, ba ta amsuwa ga wanda bai tsaya ba. A ƙarshe na tsaya kan duwan, ita ta shirya min dalilin ma, jimla uku masu kyau, ta sa na maimaita har suka zauna.

Sai dai duk ranar da muka kai ta goma, tashi nake. In ɗauki kayena, in karkaɗe siket, in tafi. Juyawar nan da Mushe Ilu ya ce a yi, ban ga amfaninta ba. Tambaya ai karantawa ce kawai, wa zai faɗi a karatu? Not ɗina yana cikin amsa. Mako uku muna yi, ko sau ɗaya ban juya ba.

Ana gobe za mu fita gaban aji, na dawo da la'asar na ga abin da ban saba gani ba. Aiki duk ya ƙare da wuri. Tulu cike, tsakar gida a share, tuwo ma an kwashe. Cima ta yi wanka ta sa zanin da take zuwa suna da shi, har da kwalli. Ta shimfiɗa tabarma kusa da ƙofar Inna ta ce in zo mu yi na ƙarshe. Ni hankalina na gidan kitso, don ina son in tsaya gaban aji da sabon kai, mai kitson kuma ba ta jiran kowa. Na zuba amsoshina goma a guje, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Na yunƙura zan tashi sai ta riƙe bakin siket ɗina.

"To, Habsu, yanzu ke ki tambaye ni."

Na dube ta, na dubi rana. Abin da na faɗa, ina jinsa har yau da muryata ta lokacin. "Haba Yaya, me zan tambaye ki? Aikinki na san shi, karatu ba kya yi. Ta ƙarshen kuma me za ki ce?"

Ba da mugunta na faɗa ba, kuma wannan bai rage komai ba. Lissafi kawai na yi irin na mai sauri. Ta saki siket ɗin. Ta ce, "Haka ne. Je ki, kada ta tashi." Ina fita na ji kwanon sha ya faɗi a ƙofar Inna, na ɗauka hannunta ne ya kuɓuce kamar kullum. Ban waiwaya ba.

Washegari na samu sha bakwai bisa ashirin, ba wanda ya kai ni. Da aka juya na yi wa Fati tambayoyin, ko minti biyar ba su ci ba. Na dawo gida ina ɗaga kaye tun daga zaure. Cima na gaban kasko tana juya gyaɗa, ta ce barka, Allah ya ƙara, ta kuma ajiye min ƙuli-ƙuli mai zafi a murfin kwano. Ba ta yi fushi ba, ba ta daina tare min a gaban maƙwabta ba. Ingilishi ne kawai bai sake fita daga bakinta ba. Na lura? Na lura kaɗan. Na ce a raina ai jarrabawa ta wuce, me za a yi da shi.

Bayan shekara biyu, ina lise, makarantar gaba da kolej, a Magariya, na zo hutun damina na tarar jikin Inna ya yi nauyi. Wata rana da hantsi kowa na gona, Cima ta tafi kai musu fura, ni aka bar wa Inna. Ina ba ta kunu ta kama wuyan hannuna da hannunta mai lafiya, ta fara magana. Maganarta sai an yi haƙuri, ni ko ba ni da shi, amma ranar ta ƙi sakina sai da na haɗa kalmomin. Ta ce a waɗancan makonni uku, kullum in na tafi lakwal, Cima na zuwa ta zauna gabanta ta yi wa kanta tambaya da Hausa a gurguje, sannan ta miƙe zaune ta ba da amsa da Ingilishin nan namu. Guda goma, kullum. Ta ce ta taran doguwa ce ƙwarai, kuma duk lokacin da ta zo tsakiyarta sai ta yi dariya ta rufe fuska. Har gidan malamin firamare ta je neman wata kalma da ta ɓace mata. Na ce, Inna, me take cewa? Wane aiki? Inna ta dube ni da idon nan nata. Ta ce ita ina ta sani, ita ai ba ta ji. Ni ce mai ji.

Inna ta rasu kafin a cire gyaɗa a shekarar. Na so in tambayi Cima a kwanakin zaman makoki, na ga ba lokacinsa ba ne. Daga baya kunya ta hana, daga baya kuma nisa. Ni da ke faɗa wa kowa magana a fuska, wannan ɗaya ta gagare ni shekara da shekaru. Duwan dai ban zama ba. Bak, jarrabawar gama lise, ta kayar da ni sau biyu na haƙura, yanzu ina buga takardu a wani shago kusa da tasha a Magariya. Cima ta yi aure a ƙauyen da ke gaba da namu, 'ya'yanta uku, kuma har yau ƙuli-ƙulinta ake fara saye a kasuwa.

Bara da kaka na hau kabu-kabu na je musamman. Na same ta a gona ana tsinkar gyaɗa, goyo a baya, ta ja ganye ta tara a gabanta. Na zauna na taya ta kaɗan, sannan ba tare da wani shiri ba na yi mata tambaya ta takwas da Ingilishi, wane aiki take so. Ta ɗago ta dube ni, ta yi dariya, ta ce Uwar Gaggawa, har yanzu kina nan da shirmen nan? Ta ce ta manta, kalma ɗaya ba ta rage mata ba. Na matsa, don halina bai canza ba. Na ce to ta faɗa min da Hausa, ai abin da mutum ya so ba ya ɓacewa. Ta ci gaba da tsinka har na zaci ba za ta amsa ba. Sannan ta ce, "Ba da Hausa na shirya ta ba, Habsu." Yaron ya motsa, ta jijjiga shi, ta ce in miƙo mata wancan kwandon.

Yanzu 'yan kolej na shigowa shagonmu in buga musu irin waɗannan tambayoyi, kusan ba abin da aka canza a cikinsu. Da yawansu ba sa neman abokin yi, waya suke kunnawa ta tambaye su su amsa, in sun gama su kashe ta su sa a aljihu. Ita waya ba ta yin wanka ta sa kwalli ta jira a juyo kanta. Mu a lokacinmu mutum ne ke riƙe maka kaye, da hannun da ya gama daka, kuma ban san haka yake da tsada ba sai da na rasa mai riƙe min. In na miƙa musu takardar nakan ce su nemi wani a gida su yi tare, kuma in sun kai ta goma su zauna, kada su tashi. Sukan dube ni kamar na faɗi abin da bai shafe ni ba.

Minti biyar ne Cima ta nema, kuma ina da su.