Ranar da Masu Biko Suka Haye Kogi

Ku matso kusa, manya da yara, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, da idona na gani.

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Hajiya Mariya 'yar Damagaram, ma'aikaciyar jinya a Alexandria ta jihar Virginia. Bakina ke faɗa, hannun autata Hadiza ke rubutawa, kuma da yardarta zan buɗe abin da zan buɗe.

Wankan jego ne ya kawo ni ƙasar nan. Hadiza ta haihu a Laurel ta jihar Maryland, na taho da kanwar kunu a ƙulle. Ranar da na fara tara mata ruwan zafi, na ce ta kwance zani, sai na ga bayanta. Wani tabon ya tsufa, wani ɗanye. Na yi wa mata da yawa wanka, na san abin da haihuwa ke bari a jikin mace. Wannan ba shi ba ne. Mijin ba zan kama sunansa ba, uban jikata ne.

Da a gida ne, na san abin yi: in ɗauke 'yata in kai ta gaban ubanta, a tara dangi. A nan ko bakin titi ban san hanyarsa ba. Ranar suna Mariya ta zo, ta ga yadda Hadiza ke zama a karkace, ta ja ni kicin. Ta ce, "Yaya, ni duban jiki ne aikina. Kada ki ɓoye mini."

Ita ta kai Hadiza kotu a Maryland. Alƙali ya saurari kowa, ya ba da oda: kada mijin ya kusanci inda take, kada ya kira ta. Daga nan Mariya ta kwashe mu, ni da mai jego da jaririya, ta haye da mu gadar kogi zuwa gidan da take haya a Virginia, can saman bene.

To, kun san mutanenmu. Mace ba ta barin ɗaki a zuba mata ido, sai an zo biko. Wata Asabar bayan azahar aka ƙwanƙwasa. Dattawa uku ne, Alhaji Sule a gaba, mutumin kirki da ya sha ɗaura aure da raba faɗa. Mijin yana tsaye a bayansu. Hadiza na jin muryarsa ta shige banɗaki da jaririya ta kulle. Ni kuwa na san in dattawa suka zauna suka ce a yi haƙuri, ba mai iya ɗaga kai. Da yamma za a mayar da ita, alhali na ga tabon da ke bayanta.

Mariya ta fito musu da ruwa a tire, ta rusuna ta gaishe su. Ta ce, "Iyayena, ku bismillah. Shi dai ya sauka ƙasa."

Alhaji Sule ya ce, "Haba Hajiya, ai mun bincika. Takardar nan ta Maryland ce, nan kuwa Virginia muke. Hakimin wani gari ba ya yanke hukunci a wani."

Ta ce, "Alhaji, lasisin tuƙinka ma na Maryland ne. A kan gada ka ajiye motar ka ƙaraso da ƙafa?"

Ɗaya daga cikinsu ya ƙyalƙyale da dariya, ya mayar da ita tari. Shi kuwa mijin ya ratso tsakaninsu, ya sa ƙafa a bakin ƙofa yana ƙwala wa Hadiza kira. Mariya ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya a ƙofar, ta ɗauki waya.

'Yan sandan Virginia suka zo. Har a lokacin zuciyata na ce mini za su duba su ce ba ruwansu. Suka karanta odar, suka ga sunansa, suka ga wa'adinta bai cika ba, suka tafi da shi. Ashe hukuncin alƙali ɗaya yana bin mace duk jihar da ta sa ƙafa.

Abin bai tafi wa Mariya a banza ba. Aka ce ta kira wa ɗan'uwa Musulmi 'yan sanda a gaban manya. Aka daina kai mata goron suna da na biki. Ranar salla takan shiga fili mata su matsa gefe. Na taɓa ba ta haƙuri, ta ce, "Yaya, gara a ƙi gaishe ni da in je gaisuwar mutuwa."

Yau nakan zauna in ce, da Mariya za ta leƙo, me za ta ce? Za ta ga matanmu suna koya wa juna cewa mace ta riƙe odarta a jaka duk inda za ta. Za ta ji an fara faɗin maganar duka a wa'azi, ba a ƙarƙashin mayafi kaɗai ba. Na san za ta yi murna, sannan ta yi tsaki, don har gobe akwai wadda ake ce wa ta rufa asiri alhali asirin ne ke cinye ta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma ba kowace mace ke yarda ta ɗauka ba.

Mijin ya ba da saki, ya koma wata jiha, muna jin labarinsa daga nesa. Hadiza ta gama karatun haɗa magunguna, tana aiki a Wheaton. Jaririyar ta kere ni tsawo, in yi mata Hausa ta amsa da Turanci. Alhaji Sule ya halarci jana'izar Mariya. Bara ya kira Hadiza, murya ƙasa-ƙasa, yana tambaya ko odar da 'yarsa ta karɓa za ta bi ta in ta ƙaura.

Mariya kuwa ciwo ne ya ɗauke ta, bai ja ba. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba. Ni ta bar mini 'ya da ranta. Duk wanda labarin nan ya iske, ya ɗaga hannu ya ce Allah ya haskaka kabarinta.