Kwalaben Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, shekara ashirin da biyu ya yi a masana'antar rinin yadi yana aiki ɗaya: ɗiban ruwa. Shi ya sa har matan unguwa Baba Kwalba suke ce masa. Duk bayan wata uku zai sa dogon takalmin roba, ya gangara bayan katanga inda bututun masana'anta ke amayar da ruwa cikin rafi, ya cika kwalabe shida, ya liƙe bakinsu, ya sa hannu a takarda. Daga nan sai ɗakin gwaji, sakamakon kuma a aika wa masu zuba jari.

Masu jarin nan wai su masu tsantseni ne. Ƙa'idarsu, ba sa saka ko sisi a kamfanin da ke ɓata ruwa ko iska. Don haka takardar Kawu ce ke riƙe da masana'antar gaba ɗaya, shi da ko kujera ba shi da ita a ofis.

Injin tace ruwa yana shan wuta ba kaɗan ba, sai manaja ya bar shi a kashe. Saura kwana biyu a ɗibi ruwa a kunna shi, ruwa ya fito garau. Ranar da aka sa wa Kawu ita yake zuwa, ba ya ƙara minti. Washegari rafi ya koma shuɗi, jibi ja, gwargwadon yadin da ake rinawa. Kawu yakan ce bai taɓa rubuta ƙarya ba, kuma haka ne. Mutum ne da ko allura ya tsinta sai ya yi cigiya. Sunan nan na mai gaskiya shi ne duk abin da ya mallaka, da shi ake kiransa sasanta maƙwabta a unguwarmu da ke gangaren rafin.

Sai yara suka fara kumburin ƙafa. Likita ya ce ƙoda ce, a gwada rijiyoyi. 'Yar tela maƙwabcinmu, mai shekara tara, ba ta ga ƙarshen shekarar ba. Unguwa ta kai ƙara kotu.

Cikin mako guda masu jari suka janye kuɗinsu, suka fitar da sanarwar jaje, har jarida ta yaba musu. Abin nan har yau yana ƙona mini rai. Masana'anta ta rufe, manaja ya sami wani aikin, aka bar mana tafkin dagwalo ba mai kwashewa. Kotu kuwa takarda take bi, kuma sa hannun mutum ɗaya ne a kan takardun.

Duk da haka unguwa na bayan Kawu. Tela da bakinsa ya ce mini, "Ɗana, kawunka aikensa aka yi. Bai sani ba."

Lauyan kamfani kuwa so yake ya nuna Kawu ya sani ya yi shiru. A zama na uku ya kira mai tankar ruwa ya ba da shaida.

"Tun yaushe kake kai ruwa gidan wannan bawan Allah?"

"Shekara sha huɗu ke nan, ranka ya daɗe."

"Ba su da rijiya ne?"

"Akwai, amma ya sa an rufe ta da siminti."

"Ya gaya maka dalili?"

"Ya ce ruwan ƙasan nan ba na sha ba ne, amma in bar maganar a cikina."

A gidan Kawu na tashi. Mu abin da ya gaya mana, wai ya rufe rijiyar ne don kada yara su faɗa ciki.

Alƙali ya dubi shekarun Kawu bai ɗaure shi ba. Muna fitowa tela ya tare mu a bakin matattakala, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Malam, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Kullum da safe sai 'yata ta gaishe ka da bokitinta a hannu."

Kawu ya sunkuyar da kai. "Tsoro na ji kada a rufe masana'anta, mutane su rasa abinci."

"Ai ga shi an rufe ta," in ji tela, ya wuce.

Kawu yana nan da ransa. Ba wanda ya taɓa zaginsa, amma in ya fito ya zauna a ƙofar gida sai a bi ta ɗaya gefen titi. Ina jin haushinsa ƙwarai. Sai dai ni ruwan tankar nan na sha na girma lafiya lau, ban san da wane baki zan yi masa faɗa ba.