Dariyar da ke Cikin Waƙa ta Tara

Shekara goma sha biyu yayana ya yi yana tura wa mutane waƙa a waya, a wani ɗan shago da ko kujera biyu ba ya ɗauka. Mai Turi ake ce masa. Ka zo ka rera masa baiti ɗaya da muryarka ta gwangwani, zai ce, "Na gane ta," kuma ita ɗin ce. Taurin kansa guda ne: ba ya yanke waƙa, ko tari aka yi a cikinta.

Da kamfanonin da ake biya duk wata a saurari waƙa suka shigo, sai masu kula da haƙƙin mawaƙa suka tashi tsaye. Aka ba masu turi mako biyu: duk waƙar da ba ka da izinin mai ita a rubuce, ka goge. Na zaci Yaya zai tayar da jijiyar wuya. Sai ya ce, "Da gaskiyarsu, ƙanwata. Mun daɗe muna cin gumin mutane." Ya goge dubbai, ko gezau.

Waƙoƙi tara ne suka gagare shi, na wani mawaƙi da ya rasu ba tare da ya yi suna ba. Babu kamfanin da ke da su, in ya goge sun tafi ke nan. Kwana huɗu shago a rufe yana cigiyar iyalin mutumin, ni kuwa ina ta masifa.

Duk da haka ni na raka shi ranar da ya gano matar marigayin. Mun same ta a baranda tana ɗinki. Bai fara da takarda ba, sai ya kunna mata waƙoƙin. A tsakiyar ta tara akwai ƙarar murfin tukunya da ya faɗi, sai wata mace ta tuntsire da dariya. Masu saye sun sha roƙonsa ya cire wurin, ya ƙi.

Matar ta tsayar da keken ɗinkin.

"Ni ce," in ji ta. "A ɗakinmu ya ɗauka. Ya ce zai sake, Allah bai nufa ba."

Yaya ya miƙa mata katin waƙoƙin da takardar izini. "Inna, kayanki ne. In kin ce in goge nawa, yanzun nan zan goge."

Ta share hawaye da gefen mayafi, ta sa hannu a takardar. "Ɗana, ka tura wa duk mai so. Amma kar ka cire dariyar nan. Rabona da irinta tun yana raye."

Ni ce na fi kowa matsa masa ya yanke wurin. Kunya ta rufe ni har muka iso gida.