Babin Ƙarshe na Malama

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Duk layin, har matarsa idan ta so tsokana, Sai-Gobe ake ce masa. Na san shi a shekarar da ya buɗe shagon buga takardu a ƙarƙashin benen masu ɗinki, lokacin furfura ba ta taɓa kansa ba.

Laƙabin daga sana'ar ya fito. Mutum zai zo yana son a nemo masa takarda a intanet, a sauke, a buga. Sai-Gobe ya danna, ya zuba wa kwamfuta ido, layin da ke nuna saukowar ya kai rabi ya tsaya cak. Sai ya zare tabarau, ya murza ido, ya ce, "Sabis ya gaji, ni ma na gaji. Sai gobe." Amma goben ba ta wucewa takardar ba ta fito ba. Ya sha ganin abu yau a shafinsa, gobe a nema a rasa, saboda haka duk abin da ya sauke sai ya adana shi a kwamfuta, ya kuma kwafa a filas, ɗan abin adana bayanan kwamfuta da ke rataye a wuyansa.

Da wayoyi suka yawaita, masu zuwa suka ragu. Firintar ta tsufa, tana cin takarda, tana jan baƙin layi a gefen kowane shafi. A daidai wannan lokaci idon matarsa ya soma dushewa. Malama ake kiranta, domin ta ƙare ƙuruciyarta tana koyarwa a firamare. Likita ya ce ba matsalar tabarau ba ce, ganin zai yi ta raguwa ne. Ba ta yi kuka ba. Abu guda ta roƙa. Akwai wani dogon littafi da ta fara tun tana budurwa, aka ara ba a mayar ba, labarin matuƙin jirgin ruwa da ya tafi ya bar iyalinsa. Tana son ta ga ƙarshensa kafin duhun ya rufe.

"In na samo sai in karanta miki," in ji Sai-Gobe.

"Kai? Kana karatu kamar mai ƙirga buhuna. Kafin ka kai ƙasan shafi na yi barci. Da idona nake so, Malam."

Ya nemo littafin, ya sauke, ya ƙara wa haruffan girma, ya riƙa bugawa babi-babi yana kai mata da yamma a cikin leda. Bayan 'yan watanni ta ɗaga wani shafi, ta kawo shi dab da hanci, ta ce, "Yau kuma tururuwa ka kawo mini?" Ya koma ya ƙara. Abin da ke cin shafi ɗaya ya koma cin uku, daga baya ya daina lissafi. Takardu suka cika ƙarƙashin gado, suka hau kan kabad.

Sai da suka kusa ƙarshe ya gane cewa kwafin da ya sauke guntu ne: babin ƙarshe babu shi. Ya sha wuyar nema. Wani shafin ya ce sai ya yi rajista, wani ya danna wurin saukewa sai tallar maganin ƙiba ta buɗe. Wanda ya samu daga bisani hotunan tsofaffin shafuka ne a karkace, har da babban yatsan wanda ya ɗauka a gefe. Da ya ƙara musu girma, haruffan suka narke kamar rubutun da ruwa ya taɓa. Babu wata dabara sai ya sake rubuta babin a kwamfuta da hannunsa, harafi bayan harafi, da yatsun da sanyi ya riga ya kama. Bayansa ya riƙe, idonsa na ruwa. Ita kuwa Malama ta kai ba ta gani sai a bakin taga, da tsakar rana.

Ya ji tsoron kada ganin nata ya ƙare kafin ya gama. Ya ce, "Malama, ai ni na ga yadda ya ƙare. In faɗa miki a taƙaice?"

"Ka faɗa, ka nemi mai dafa maka."

Ya koma shago.

Ranar da ya gama, kalmomi kaɗan ne ke shiga shafi guda, kowane harafi ya kai tsawon yatsa. Ta zauna a bakin taga, shi kuma ya durƙusa gefenta yana miƙa mata ɗaya bayan ɗaya, yadda yake ciyar da firintarsa. Tana karantawa leɓenta na motsi, tana ajiyewa a cinya. Na ƙarshen ta daɗe riƙe da shi.

"Ashe bai dawo ba."

"Bai dawo ba."

"Shekara da shekaru ina jiran wannan ɗan banzan! Kai kuma ka sani, ka yi shiru kana ƙona tawada."

"Ke kika hana."

Ta yi 'yar dariya, ta miƙa masa tulin. "Kwashe. Na gama."

Ba ta sake neman wani littafi ba, kuma ba a jima ba ta daina bambance rubutu da farin takarda. Sai-Gobe ya rufe shagon. Takardun ya ba masu ɗinkin sama, suna zana ma'aunin riga a bayansu. Da yamma yakan karanta mata abin da ya samu, ita kuma takan yi barci kafin ya kai ƙasan shafi, kamar yadda ta faɗa.

Na gamu da shi a bakin titi yana tura firintar a baro zuwa wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa, filas ɗin na lilo a ƙirjinsa. Muka gaisa, na tambayi jikin Malama, ya ce da sauƙi, ya ɗan huta, ya ci gaba da turawa. Wannan shi ne ganina da shi na ƙarshe, ranar Laraba, tara ga watan Satumba.